Bindigar 'Yan Sandan Doki da Sunayen da Ba a Rubuta Ba

A Kanada da Amurka akwai mutanen da ke ƙarar da dukiyarsu wajen tara tsofaffin bindigogi, kuma cikin waɗanda suka fi nema har da gajeriyar Winchester ƙirar 1876, wadda 'yan sandan doki na yammacin Kanada suka riƙe. Bindiga ce mai mariƙin ƙarfe a ƙarƙashi: a tura shi gaba ta tofar da kwanso, a jawo shi baya wani harsashin ya hau. An kafa rundunar a 1873, ta nausa yamma a 1874 da bindigar Snider mai cin harsashi ɗai-ɗai, sai ta tarar wasu mutanen yankin sun riga ta mallakar mai aman harsashi a jere. Daga 1878 aka fara saya mata Winchester.

Na daɗe ina ɗaukar wannan sha'awa a matsayin wasan mai kuɗi. Yanzu na sassauta, domin na lura takardar da ke bayan ƙarfen suke saye. Kowace bindiga tana da lamba, kuma kundin masana'antar yana ajiye a gidan tarihin makamai na garin Cody a jihar Wyoming, inda ake duba lambar a rubuto wa mai ita ranar da ta bar rumbun kamfani. Hatimin rundunar da ke jikin katakon gindinta bai wadatar ba, tunda ana buga na jabu. Wanda kuma ya kankare tsatsa ya shafe ta da sabon fenti ya karya darajarta da hannunsa. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane wannan ɗabi'a: ba a karɓar matani sai an tantance isnadi. Wannan na yaba musu.

Inda na saɓa da su shi ne isnadin nasu yakan tsaya a kan wanda ya riƙe gindin bindigar. Bakinta fa, wa ya fuskanta? A ranar 26 ga Maris 1885, a Duck Lake, 'yan sandan nan suka gwabza da mutanen Métis ƙarƙashin Gabriel Dumont, suka sha kashi. Lokacin ɓaunar da 'yan ƙasar ke rayuwa a kanta ta ƙare, yunwa ta shiga, ga filayensu ana aunawa ana rabawa baƙi. Kafin shekarar ta fita an rataye jagoransu Louis Riel a Regina ranar 16 ga Nuwamba, aka kuma rataye 'yan asalin ƙasar takwas a Battleford ranar 27 ga watan. Mai gwanjo zai gaya maka tsawon hancin bindigar inci 22 ne, da wuya ya ambaci waɗannan. Za a ce ƙarfe ba shi da laifi, kuma haka ne. Amma wanda ya ƙara kuɗi saboda tarihin abu ba shi da hurumin ɗaukar rabin tarihin ya bar rabi.

Kada mu yi saurin nuna yatsa, domin mu ma muna cikin labari irin wannan. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, da yawansu mutanen da suka kuɓuta daga bauta. Da su ya zo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 Gwalkwas ta sami tata rundunar, wadda ta koma bataliyar soja a 1901, kuma a 1900 Hausawa na cikin waɗanda mayaƙan Yaa Asantewaa suka yi wa ƙawanya a ganuwar Kumasi. Sun riƙe Snider, daga baya Martini, ita ma mai mariƙi a ƙarƙashi ko da yake harsashi ɗaya take ci. Gidaje da dama a zangunan Ankara da Kumasi daga waɗannan sojoji suka samo tushe. Wasu jikokin suna alfahari, wasu ba sa son a tayar da zancen, musamman gaban maƙwabtan da kakanninsu ne bakin bindigar ya kalla. Alfaharin da kunyar duka sun bar mu ba mu rubuta kome ba.

Ga mutumin Kanada yana iya bin sawun bindiga guda har ranar da ta fito daga kamfani, mu kuwa sau da yawa ko cikakken sunan kakan da ya saɓa tasa ba mu da shi, balle garin da aka kamo shi ko sansanin da ya yi aiki. Sai dai a ce "ya yi sojan Bature", shi ke nan.

Ba ina kira a tara bindigogi ba ne. Ajiye makami babu rajista laifi ne ga hukuma, kuma wanda ya gaji irin wannan ƙarfe gara ya bi ta hannun sarkin zango da hukuma a kai shi gidan tarihin soja da ke cikin ganuwar Kumasi, da sunan mai shi a jiki. Abin da nake roƙo shi ne kowane gida da ke da lambar girma, ko takardar sallama, ko tsohon hoto, ya ɗauke su a waya, ya zauna da dattijon da ya rage ya naɗi muryarsa: sunan sojan, sunan mahaifinsa, inda ya fito, yaƙin da ya je, da mutanen da ya yaƙa. A miƙa kwafi ga fadar sarkin zango a shigar da shi kundi, a bar asalin a hannun iyali.