Kunun Tausayi Bayan Fiɗar Maƙoshi

Jama'a, duk gidan da ake haɗa sabulu da soda, a Hammadu Kafi ta Gombe ne ko a wani gari, akwai abin tsoro. Yaro ya ga ruwan soda a kofi ya kurɓa, maƙoshi ya ƙone ya tsuke. Sai a garzaya babban asibiti, irin na Tarayya da ke Gombe, wanda ya zama na koyarwa a 2014. Wani yaron sai an yanko hanjinsa an yi masa sabuwar hanyar abinci.

To, ba nan hatsarin ya ƙare ba. Ɗinkin yakan yi yoyo, galibi cikin makon farko, miyau ya malala ya zama mugunya. Sai zazzaɓi, da bugun zuciya, da numfashi sama-sama. Yoyon wuya yakan toshe in an buɗe an tsane ruwan. Na ƙirji kuwa yana kisa.

Shi ya sa likita kan hana ci ta baki, a ciyar ta roba. Amma mai jinya, wai don tausayi, sai ta faki ido ta ba da kunu. Kunun nan ta ramin ɗinki zai bi, ya taru a gefen huhu.