Lifta ta tsufa: a ci gaba da faci ko a sabunta ta?

Na san wata za ta ce, mu a Gwandu ko Kalgo ina ruwanmu da lifta, gidajenmu ai na ƙasa ne? Haka ne. Mace kan yi aure har ta aurar da 'ya'ya ba ta taɓa shiga akwatin nan mai hawa bene da mutane ba. Amma ranar da za ta shige shi, in ba Makka Allah ya kai ta ba, galibi ranar tashin hankali ce: an turo ta babban asibiti da doguwar naƙuda tana kwance bisa gadon turawa, ko ta rako tsohuwa da ƙafa ta ƙi.

Ranar 1 ga Agustan 2023 lifta ta rikito da wata matashiyar likita, Dakta Vwaere Diaso, a masaukin likitocin Babban Asibitin Odan da ke Legas, ta rasu tana gab da kammala shekarar koyon aiki. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kuka da liftar. Mu ma'aikatan jinya labarin ya tsaya mana a rai, domin mu ke tura majinyaci cikinta dare da rana.

Ba haka kawai lifta ke faɗuwa ba. Tun 1854 Elisha Otis ya nuna a Amurka birkin da ke riƙe ta ko da igiya ta tsinke. Igiyar ƙarfe, birki da tayoyin ƙofa duk suna cinyewa, kuma canza su gyara ne na yau da kullum. Haɗarin yana farawa ne idan kamfani ya daina ƙera kayan na'urar da ke sarrafa ta, makanike ya koma farautar na gwanjo. In bai samu ba, wani sai ya haɗe wayoyi ya tsallake makunnin da ke hana ta motsi ƙofa na buɗe. Tana tafiya, kowa ya yi murna, alhali an cire mata mai gadi.

Masu sana'ar kan ce lifta ta kai shekara 20 zuwa 25 lokacin sabuntawa ya yi. Ba rushe gini ake yi ba. Ramin da dogayen ƙarafan da take bi suna nan, inji da na'urar sarrafawa da ƙofofi ake musanyawa. A ganina, a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, duk liftar asibitin da ba ta da batirin da zai kai ta hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa, ta cancanci sabuntawa ko shekarunta ba su kai ba.

Kalgo tana girma, ga babban asibitin jiha, ga mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, benaye za su ƙaru. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce. Da za a tambaye ni, bene mai hawa ɗaya ko biyu a fara yi masa gangara ta siminti, wadda ba ta shan gas, ba ta jiran makanike daga Legas. Sai dai a yi ta da sauƙin hawa: duk tashin mita 1, tsawon mita 12. In ta fi haka tsayuwa, tura mai ciki a kanta aikin ƙarti biyu ne.

Ke kuma uwargida, kafin ki sa ƙafa dubi ƙasa. Idan ba ta daidaita da daɓen hawan ba, ko tana fizga, ki faɗa wa ma'aikata, mai lafiya ya bi matakala. Riƙe hannun yaro, tattare bakin hijabi kada ƙofa ta kama. In ta tsaya da ku a tsakiya, iska na shiga, ba za ta ƙare ba. Danna ƙararrawa ki jira, kada ki bari kowa ya ɓamɓare ƙofa ya ce a miƙo masa jariri ta tsaga.