A bar majo ya yi aikin da ya iya

Yara, wa ya duba ku ranar da masassara ta kama ku? Da yawanku za su ce: "Majo ne." Gaskiya ne. A ƙauyukan Agiye, da Gazawa, da Gidan Rumji, ba dokta ake tararwa a gidan likita ba. Majo ake tararwa, wato babban ma'aikacin jinya mai kula da wurin. Doktoci suna asibitin Agiye ko Maradi, kuma ba su da yawa.

Majo ba ɗan koyo ba ne. Ya yi shekara 3 yana karatun aikin jinya, a Damagaram, ko Yamai, ko Maradi. Shi ke huda yatsan yaro, ya ɗiga jini bisa ɗan katin gwaji, cikin minti 15 ya san ko masassarar cizon sauro ce. Shi ke rubuta magani, shi ke lamba, shi ke ɗinke rauni. Inda babu ungozoma, har haihuwa yake karɓa.

Ni ina ganin ya kamata a ƙara sakar masa hannu. Ga dalilina.

A ce tsoho ne a wani ƙauye bayan Gangara, yana da hawan jini. Ciwon nan ba ya warkewa, kullum sai an auna, kullum sai an sha magani. In aka ce sai ya ga dokta duk wata, sai ya hau amalanke har bakin kwalta, ya biya mota, ya yini a layi. In damina ce, ya bar noma ke nan. Zai je sau ɗaya, ya je sau biyu, na uku ya zauna gida. Wata rana sai a ji rabin jikinsa ya shanye. Alhali majo yana kusa da shi, ya san sunansa, ya san gidansa. A koya wa majo bin wannan ciwo da ciwon sukari, a ba shi ma'auni da magani, a ba shi izini a rubuce. Dokta ya ga tsohon da fari, majo ya ci gaba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun shekarun 1960, a ƙasar Maradi aka koya wa mutanen ƙauye da ungozomomi ba da taimakon farko. A 2006 aka ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Uwaye suka yi ta zuwa, kuma hannun su majo ne ya ɗauki yawancin aikin.

Wasu suna cewa: "In majo ya yi kuskure fa?" Tsoronsu yana da kai. Dokta ya yi shekara 7 ko fiye yana karatu, akwai abin da shi kaɗai ya iya. Majo ba zai yi wa mace aiki a fidda jariri ba. Yaron da jininsa ya ƙare, sai asibiti, a ƙara masa. Majon kirki ya san iyakarsa: ya yi allurar farko, ya rubuta takarda, ya kira motar asibiti. Don haka dokta ya riƙa zagayawa yana duba rajistarsa, kuma ya ɗauki waya in majo ya kira shi, ko da tsakar dare ne.