Mahayan Jiya a Tafin Hannu

A ƙasashen Turai akwai mutanen da idan sun taso daga aiki, sai su zauna gaban fitila da ɗan siririn burushi, su duƙufa yi wa wani ƙaramin mutum-mutumi fenti. Siffar sojan doki ce ta zamanin da, daga ƙirji zuwa kai, tsayinta bai wuce tafin hannu ba. Ana zuba ta da wata roba mai tauri, ta zo musu ba launi, su kuma su kwashe makonni suna ba ta kama. Duk shekara gwanayensu kan haɗu a garin Monte San Savino na Italiya, kowa ya baje aikinsa, alƙalai su duba.

Wanda bai sani ba zai ce wasan yara ne. Ni kuwa a ganina karatun tarihi ne da hannu, kuma akwai abin koyi a cikinsa.

Ɗauki mai son zana baraden Faransa da suka yi yaƙin Waterloo a 1815. Kafin ya tsoma burushi, dole ya san cewa sulkensu farantin ƙarfe ne gaba da baya, kwalkwalinsu na da gashin doki da ke zuba ta ƙeya, kuma launin wuyan riga na cikin abin da ke bambanta runduna da runduna. Ya kuskure launi ɗaya, masana za su gane. Wannan ke tura shi ga littattafai da gidajen tarihi. A gidan tarihin soja na Paris zai tarar da sulken wani matashi mai suna Fauveau, wanda harsashin igwa ya huda ta ƙirji ya fita ta baya a ranar Waterloo. Wanda ya tsaya gaban wannan sulke ba zai sake ɗaukar yaƙi abin ado ba.

Shi ya sa gwanaye suka fi ba fuska ƙarfi. Ana tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, a shafa, a jira ya bushe, a sake shafawa, har sai fata ta nuna dukan rana. Inuwar kwalkwali ta sauka a goshi, ƙasan ido ya ɗan yi duhu saboda rashin barci, sannan a ɗiga farin da bai kai ƙwayar gero ba a cikin ido. Wasu ma kan zana ƙyallin ƙarfe da baƙi da fari da ruwan toka zalla, amma ka rantse ƙarfe ne. A ƙarshe abin da ke kallonka ɗan wani ne, mai gajiya da fargaba.

Ta wannan hanya matashin da bai taɓa hawa doki ba ya san mahayan Poland masu fukafukai a baya, waɗanda Sarki Sobieski ya jagoranta a ƙofar Biyana a 1683. Ya san baraden Daular Usmaniyya da suka kara da su, ya san Mamalik na Masar. Masu fentin ba sa zaɓen ɓangare, kowane mahayi suna ba shi haƙƙinsa na bincike.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da wuya ka ga mahayanmu a teburan baje kolinsu, alhali tarihin dokinmu ba ƙarami ba ne. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, fiye da shekara 600 da suka wuce. Littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826 na ɗauke da zanen baraden Shehun Borno cikin sulke. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. To, a cikin dubban matasan da ke ɗaukar hoton hawa da waya, nawa ne za su iya bambanta jalala da majayi, ko su faɗi yadda ake cusa auduga a ɗinka lifidi har ya tare kibiya?

Na san mai karatu zai ce malamanmu sun yi hani ga sassaƙa siffar abu mai rai. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba na kiran kowa ya tsallake ta. Abin da nake so mu ɗauka shi ne ɗabi'ar bin diddigi. Ana iya ƙera ƙaramin sirdi da likkafa da linzami, da garkuwa da kwalkwali, daidai da yadda suke, ba tare da an fitar da fuskar kowa ba. Ana iya auna na ainihi, a zana, a rubuta launinsa da sunan kowane sashe.

Masu wannan ilimi suna nan da ransu: dukawa, maƙera, masu ɗinkin kayan doki da dattawan fada. Amma shekaru na tafiya da su. Ina kira ga Gidan Makama a Kano da sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da su haɗa ɗalibai da waɗannan dattawa, kowane ɗalibi ya ɗauki kayan mahayi guda ya bi shi tun daga ƙaimi har kwalkwali. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Idan muka bari masanan suka shuɗe, jikokinmu za su gaji hawan, amma ba za su san abin da suke sanye da shi ba.