Gidan ƙasa ba alamar talauci ba ne

Duk wanda ya ratsa lungunan unguwar Birni a Damagaram zai ga tsofaffin gidaje biyu maƙwabtan juna, kusan tsara ɗaya: wannan yana tsaye daram, wancan ya zama kufai. Kulawa ce ta raba su.

Gidan da aka riƙe da kyau tun daga ƙofa ake gane shi. Ga zankwaye tsaye bisa soro, ga zanen dagi a goshin zaure, ga indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. A zaure maigida yake karɓar baƙi, a nan ake ciniki da sulhu, ba tare da idon baƙo ya kai cikin gida ba. Bangon tubali mai kauri yana tare zafin rana, shi ya sa ɗaki yake da sanyi tsakar bazara ko da babu wutar lantarki. Rufi kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi: kowace shekara kafin damina a duba rufi, a share indararo, a sabunta yaɓe. Yau magada sun watse Yamai da Maraɗi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya biya magini. Wasu kuma sun shafe bango da siminti da sunan gyara, alhali siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa kan shige ta bayansa, ya rasa mafita, bango ya ruɓe daga ciki.

Mun ga gargaɗi a watan Satumba na 2024, lokacin da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19. In masallacin da kowa ke gani ya faɗi, ina ga gidan da ba mai leƙawa? Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926. Tun 2006 aka gabatar da sunan Birni ga hukumar UNESCO, ga shi kuwa tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. Da me za mu nemi wannan matsayi in gidajen sun zube?

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar magajin gari da fadar Sarkin Damagaram su ƙidaya waɗannan gidaje, su hana rushe su barkatai, su tallafa wa maginan gargajiya su koyar da matasa. Ku kuma ƴan kasuwa da ma'aikata masu gina benaye a sababbin unguwanni, kuɗin yaɓen gidan kakanninku bai kai na ƙofar ƙarfe da tagogin da kuke sawa ba. A gyara tun da rani, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.