Wa zai rubuta yaƙin Filinge da Hausa?

Matashin da ya shafe shekara yana karatun tarihin yaƙe-yaƙe zai kawo maka labarin Napoleon da Hitler tiryan-tiryan. Tambaye shi abin da ya faru a Filinge a 1916, sai ya yi tsit.

A watan Afrilun wannan shekara ne Firhun, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransa bore, ya kawo wa Filinge hari, bai samu galaba ba. A 1925 kuma, a ƙasar Kurfai aka fara borin Hauka, masu kwaikwayon Turawan mulki, har kwamanda Crocicchia ya kulle su a Yamai. Akasarin wannan tarihi da Faransanci ko Ingilishi yake, kuma daga takardun masu mulkin mallaka aka ɗebo shi. Ɓangaren Kurfayawa yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi, ga rashin tsaro yana watsa ƙauyukan jihar Tillaberi.

Muna kira ga cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni ta tura ɗalibai su naɗo muryoyinsu, a buga da Hausa. 'Yan Kurfai mazauna Akara da Legas kuma su ɗauki nauyin ɗab'in.