LAFIYA UWAR JIKI: Ruwa garau, amma me yake kai wa jini?

  

Ran nan muna cikin aji, muna koyon lissafi. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ina da tambaya, amma ba ta karatu ba ce. Jikana bai taɓa cin goro ba. Ga haƙoransa sun yi ja. Ga shi kullum a gajiye, tafin hannunsa fari fat. Mene ne wannan?" Na ce masa: "Baba, ni ba likita ba ne. Gobe ka kai shi gidan likita a duba jininsa. Amma ka gaya mini, wane ruwa kuke sha?" Ya ce ruwan famfo, garau da shi kamar hawaye.

Wannan tambaya ita ce darasinmu na wannan wata.

MENE NE FULIYOR?

Cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa akwai wani sinadari. Da Faransanci ana ce masa fuliyor. Ruwan da ya daɗe kwance cikin duwatsun nan yana narkar da shi. Shi ya sa an fi samun sa a wasu rijiyoyi masu zurfi, irin foraj da inji ke haƙawa. Ba kowane foraj ke da shi ba. Gari biyu na iya zama kusa, ruwansu ya bambanta.

Fuliyor ba shi da launi. Ba shi da wari. Ba shi da ɗanɗano. Ido ba ya ganin sa, harshe ba ya jin sa.

Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, yana kare haƙori daga ruɓewa. Don haka ake sa shi cikin man goge baki. Yawansa ne cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa iyaka: kada ya wuce miligaram 1,5 cikin litar ruwa guda. Ko ƙwayar hatsi ɗaya ta fi wannan nauyi. Kun ga abin ƙanƙane ne, amma kullum ake shan sa, shekara da shekaru. Mu kuma ƙasarmu da zafi, mun fi mutanen ƙasashen sanyi shan ruwa.

HANYARSA CIKIN JIKI

In ka sha ruwan, fuliyor yana ratsa tumbi da hanji ya shiga jini. Kafin awa ɗaya ya cika ya riga ya shiga. Jini kuwa kamar jakin gida ne, abin da aka aza masa shi yake kaiwa. Wani kashi yana kai wa ƙoda, ya fita cikin fitsari. Ga babban mutum, wajen rabi ke fita. Sauran yana kai wa ƙashi da haƙori, can ya zauna. Jikin yaro ya fi riƙewa, don ƙashinsa yana cikin ginuwa. Mai ciwon ƙoda shi ma yana riƙewa da yawa, don matatar jininsa ta yi rauni.

Ga abin da yake yi in an daɗe ana sha.

Na ɗaya. Cikin jini akwai wani sinadari mai suna kalsiyom. Shi ne ke gina ƙashi, kuma daga abinci muke samun sa, musamman nono. Fuliyor yana kama kalsiyom. In abincin yaro ba shi da kalsiyom isasshe, jiki yakan ciro shi daga ƙashi don ya cike na jini. Kamar mai ciro azara daga rufin ɗaki don ya hura wuta. Sannu a hankali ƙafafu su lanƙwashe, gwiwoyi su haɗe ko su buɗe. Ga manya kuma, baya da wuya su sandare.

Na biyu, ƙarancin jini. Jini yana samun jansa daga sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, kuma ta hanji yake shiga. Yawan fuliyor yana damun tumbi da hanji. A ƙasar Indiya, inda wannan cuta ta yi yawa, masu bincike sun bi mata masu ciki da ƴan makaranta masu ƙarancin jini. Da aka raba su da ruwa da abinci masu fuliyor, aka kuma gyara cimarsu, jininsu ya ƙaru.

A nan ku saurara da kyau. Manyan ɓarayin jini a ƙasarmu su ne zazzaɓin sauro, tsutsar ciki, rashin abinci mai gina jiki, haihuwa kusa-kusa da amosanin jini. Fuliyor ƙari ne a kan waɗannan. Kada wani ya ce ruwa ne kawai ya ƙi kai yaro likita.

ABIN DA YA FARU A TIBIRI

Wannan magana ba ta nesa ba ce. Tibirin Gobir na nan kusa da Maradi. Daga shekarar 1985 har wajen 2000 mutanen garin sun sha ruwan wani foraj mai zurfi. Ruwan garau ne, kowa ya yi murna da shi. Ashe fuliyor ɗinsa ya ninka iyakar OMS sau 3 zuwa 4. Yara dubbai suka kamu. Haƙora suka yi ja, ƙafafu suka karkace, wasu har ba su iya tafiya. Iyaye sun yi ta neman magani, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sammu ne. Sai da aka auna ruwan gaskiya ta fito. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, FIDH, ta fitar da rahoto a kan yaran nan. Yaran yau sun zama manya, kuma ƙashin da ya girma a karkace ba ya komawa daidai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

MAKIYAYI, KAI MA DA KAI AKE

Saniya ta fi mutum shan ruwa nesa ba kusa ba. Bisashen da suka daɗe a kan irin wannan ruwa, haƙoransu kan yi baƙi-baƙi su cinye da wuri. Sai kiwo ya gagare su. Sukan yi ɗingishi, su rame, nono ya ragu, jini ya yi ƙaranci. In ka ga haka ga maruƙa da yawa a rijiya ɗaya, ka gaya wa likitan dabbobi.

ALAMUN DA ZA A DUBA

Haƙoran yaro: farin tabo kamar alli, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Ba ya fita da asuwaki. Tabon yana samuwa ne tun haƙori na cikin dasashi, kafin yaro ya kai shekara 8. In yara da yawa a gari suna da shi, ruwa ba ya tsami banza.

Jini: a ja fatar ido ta ƙasa a duba. A duba harshe da tafin hannu. In sun yi fari, ga gajiya, ga haki, ga jiri, a tafi gidan likita.

ME ZA MU YI?

1. Dafa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da fuliyor. Tururi ne ke tashi, shi yana nan cikin tukunya. Tacewa da ƙyalle ma ba ta fitar da shi.

2. Maigari da kwamitin ruwa su nemi ma'aikatan ruwa su auna kowane foraj da kowace rijiya. A karɓi sakamakon a rubuce.

3. In ruwa ɗaya ya wuce iyaka, a bar shi ga wanki da wanka. Sha da dafuwa a ɗebo daga wanda aka auna aka ga lafiya lau, a kuma tsabtace shi. Ruwan sama da aka tara cikin abu mai tsabta ba shi da fuliyor mai yawa.

4. Uwa ta ci gaba da shayarwa. Fuliyor kaɗan ƙwarai ke ratsawa cikin nonon uwa.

5. A ba yara nono, zogale, miyar kuka da riɗi saboda ƙashi. A ba su wake, hanta da nama in an samu, saboda jini. Lemun tsami da gwaba suna taimakon ƙarfen abinci ya shiga jiki.

6. A rage wa yara shayi mai ƙarfi. Ganyen shayi yana da fuliyor, kuma yana hana ƙarfen abinci shiga jini.

Ranar nan kafin mu tashi na rubuta lamba ɗaya a babban allo: 1,5. Kowa ya kwafe ta. Dattijon nan ya rubuta tasa sau 3 don kada ta ɓace masa. Ran da takardar awon ruwa ta iso hannun maigari, ba sai an nemo mai karanta muku ba. Ku duba layin fuliyor da kanku. In lambar ta wuce 1,5, ku tashi tsaye ku yi magana. Wannan ma yana cikin amfanin karatu.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku, malamin yaƙi da jahilci.